Yadda ake haɗa kwamfutar tebur da hannunka, daga zaɓen kaya zuwa kunnawar farko

Haɗa kwamfutar tebur bai kai wuyar da ake tsoro ba. Kusan kowace waya an ƙera bakinta yadda ba za ta shiga ramin da ba nata ba, kuma sukundireba ɗaya ya isa yawancin aikin. Asara tun daga kasuwa take farawa. Mutum ya sayi firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) mai tsada da madabod (babban faifan da sauran kaya ke hawa a kai) mai kyau, ya zo gida ya tarar ba sa jituwa, mai shago kuma ya ce an riga an buɗe kwali. Na sha haɗa wa masu shagon buga takardu da masu tace bidiyo da ɗalibai, kuma kafin in taɓa komai sai na tambayi abu biyu: wane aiki za ta yi, sannan yaya zafin ɗakin da wutar unguwar suke.

Don kada magana ta tafi a iska, zan bi haɗi guda: firosesa AMD Ryzen 5 5600G, madabod B550, RAM (inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi) DDR4 mai 16GB, da SSD (ma'ajiyar fayiloli) irin NVMe. Inda Intel ya bambanta zan faɗa.

Kayan aiki

- Sukundireba mai bakin tauraro, lamba 2, zai fi kyau in bakinsa na da maganaɗisu. Sai wani ƙarami don sukurun SSD.
- Ɗan kwano na zuba sukurori, da tocila.
- Igiyoyin roba na ɗaure waya.
- Man tamal, wato man da ake shafawa tsakanin firosesa da abin sanyaya shi.
- Tsumma mai laushi da ruwan isofurofil. In babu, sifirit na kyamis ya yi, amma a bari ya bushe sarai.
- Filash mai aƙalla 8GB.
- Tebur na katako a wuri mai haske.

Kayan kwamfutar da yadda za ka san sun dace

Fara da firosesa, domin shi ke zaɓa maka sauran. Kowane firosesa yana da soket ɗin da yake zama a jikin madabod. Ryzen 1000 zuwa 5000 na tebur suna hawa AM4. Ryzen 7000 zuwa sama suna hawa AM5, wanda ya fito a 2022. A ɓangaren Intel, zubi na 10 da na 11 na LGA1200 ne, na 12 da 13 da 14 na LGA1700, su kuma Core Ultra 200 na LGA1851. Babu dabarar da za ta sa ɗaya ya shiga gidan ɗaya.

Sai dai dacewar soket kaɗai ba ta wadatar ba, kuma nan ne ko masu ɗan sani ke tuntuɓe. Madabod B550 soket ɗinta AM4 ne, amma AMD bai sa Ryzen 3 3200G da Ryzen 5 3400G cikin waɗanda take ɗauka ba. Tsohuwar B450 kuma tana ɗaukar Ryzen 5000, amma sai an sabunta mata BIOS tukuna, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta. Haka B660 take da Intel zubi na 13. Saboda haka ka rubuta cikakken sunan madabod ɗin, harafi da lamba, ka shiga shafin kamfanin da ya yi ta, ka duba jerin firosesan da take karɓa da lambar BIOS da kowanne ke buƙata. Ka yi wannan a wayarka kana tsaye a shagon, kafin ka miƙa kuɗi.

Na biyu shi ne hoto. A Intel, duk wanda sunansa ya ƙare da F, kamar i5-12400F, ba shi da sashen fitar da hoto, dole sai da katin girafik. A AM4 kuwa, yawanci masu G a ƙarshe ne ke fitar da hoto da kansu. Ryzen 5 5600 maras G ba zai nuna maka komai a monita ba ko da madabod na da ramin HDMI. Shi ya sa na zaɓi 5600G ga mai farawa: kwamfuta za ta tashi yau, kati kuma ya jira lokacin da aljihu ya yarda.

RAM: AM4 DDR4 kawai take ci, AM5 da LGA1851 DDR5 kawai. LGA1700 ita ce mai ruɗarwa, domin akwai madabod ɗinta na DDR4, akwai na DDR5, kuma kowace iri ɗaya take karɓa. Duba kwalin. Ka sayi sanda biyu masu 8GB iri ɗaya maimakon guda mai 16GB. Biyun suna aiki ta hanya biyu a lokaci ɗaya, kuma a firosesa irin 5600G da ke aron RAM don hoto, bambancin a bayyane yake. Na laftof gajeru ne, ba sa shiga.

Akwati: madabod girma uku ne aka fi gani, ATX mai milimita 305 da 244, microATX mai 244 da 244, da Mini-ITX mai 170 da 170. Babban akwati na ɗaukar ƙaramar madabod, ƙarami ba ya ɗaukar babba. Ka nemi mai raga a gaba. Akwatin da aka toshe gabansa da gilashi yana da kyau a ido, amma ba don watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi aka yi shi ba. Kada kuma ka yi dogaro da akwatin tsohuwar kwamfutar ofis ta HP ko Dell da aka shigo da ita, domin da yawansu ramukan sukuru da bakin wayar wutarsu nasu ne na kansu.

Yanzu abubuwa biyun da na fi damuwa da su, waɗanda kuma su ne mutane suka fi matse wa kuɗi.

Sanyaya. 5600G wat 65 ne, kuma sabo a kwali yana zuwa da fankarsa mai suna Wraith Stealth. Tana aiki. Amma ka sani gwaje-gwajen da kake gani a intanet ana yin su ne a ɗaki mai sanyin digiri ashirin da 'yan kai. Duk digiri ɗaya da ɗakinka ya ƙaru, kusan digiri ɗaya firosesa zai ƙaru. Shagon da ya kai 38 da rana ya riga ya ɗora maka kusan goma sha biyar kafin ka buɗe komai. In ba ka da na'urar sanyaya ɗaki, kuma aikinka mai nauyi ne, ka sayi hitsink, wato ƙarfen da ke zuƙe zafin firosesa, doguwa mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka mai milimita 120, irin DeepCool AK400 ko Cooler Master Hyper 212. Tsawonsu kan kai milimita 155 zuwa 160, don haka ka duba ko faɗin akwatinka zai ɗauka, ka kuma tabbata ƙarafan ɗaurawa na soket ɗinka suna cikin kwalin. Mai sanyaya da ruwa ba na ba mai farawa shawararsa a firosesa irin wannan. Famfonsa na iya mutuwa, ita kuwa hitsink fanka ce kawai ke lalacewa a jikinta, kuma ana samun madadinta a ko'ina.

Fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta. Haɗin nan ba tare da kati ba, mai wat 450 ya ishe shi har da rara. In kana da niyyar ƙara kati kamar RTX 3060, Nvidia da kansa wat 550 ya ba da shawara. Abin lura ya wuce lambar da aka rubuta a jiki. Ka nemi sanannen kamfani, irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, mai shaidar 80 Plus. Ɗaga shi a hannu: wanda aka rubuta wa 650 amma ka ji shi sakayau, ajiye shi. Idan fawa-fak maras kyau ya tashi mutuwa, yakan tafi da madabod da SSD. Sannan tsofaffin da aka shigo da su daga Amurka wasu na da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi.

Mataki na 1: Shirya wuri

Wutar da ke taruwa a jikin mutum, wadda kake jin ta ɗan tsikare ka in ka taɓa ƙofar mota lokacin hunturu, tana iya kashe RAM ko firosesa ba tare da ka ga alama ba. Kada ka yi aikin a kan darduma ko katifa. Ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin da ba a yi wa fenti ba kafin ka ɗauki kowane abu, kuma ka kama kaya ta gefe. Ciro madabod ka ɗora ta a kan kwalinta. A nan za mu yi rabin aikin, saboda a cikin akwati hannu ba ya sakewa.

Mataki na 2: Firosesa

A AM4 siraran ƙafafun ƙarfe masu haɗa firosesa da soket suna jikin firosesa. Ɗaga sandar da ke gefen soket har ta miƙe tsaye. A kusurwa ɗaya ta firosesa akwai ɗan alwatika mai ruwan zinare, a soket ma akwai irinsa. Daidaita su, ka sake shi a hankali. Da nauyinsa zai faɗa. In bai zauna ba, ɗaga ka sake dubawa, kada ka danna ko kaɗan. Mayar da sandar ƙasa ta maƙale.

A Intel da AM5 ƙafafun suna cikin soket ne, sirara ƙwarai, kuma yatsa ɗaya ya isa ya lalata madabod. Buɗe murfin ƙarfen, ajiye firosesa bisa tsagar da ke gefensa, ka rufe. Sandar za ta yi tauri, baƙar robar da ke sama kuma za ta fito da kanta. Adana ta, domin in madabod za ta koma shago sai da ita.

In firosesan hannu ka saya, haska ƙasansa da tocila ka duba layukan ƙafafun ta gefe. Ƙafa ɗaya ko biyu da suka karkace ana iya miƙe su da reza sannu a hankali. Wadda ta karye kuwa, bar wa mai shi kayansa.

Mataki na 3: RAM da SSD

In ramukan RAM huɗu ne, sanda biyun suna shiga na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen firosesa. Su ne A2 da B2 a yawancin madabod, amma leƙa littafinta. Buɗe maƙallan, daidaita tsagar sandar da tudun ramin, ka danna da manyan yatsu biyu har ka ji ƙas. Nan ana buƙatar ƙarfi fiye da yadda sabon shiga ke zato. Mafi yawan kwamfutocin da ake kawo mini wai sun ƙi tashi, RAM ce ba ta zauna ba.

SSD ɗinmu ta NVMe tana shiga ramin da ake kira M.2, wanda ya fi kusa da firosesa. Soka ta a karkace, kwantar da ita, ka ɗaure da ɗan sukurunta. In akwai murfin ƙarfe, ɓare ledar da ke kan robarsa ta ciki kafin ka rufe.

Mataki na 4: Abin sanyaya

Juya shi ka dubi ƙasansa. In akwai toka-tokan mai a shafe, an riga an sa, kada ka ƙara. In ƙarfe ne tsura, duba ko akwai farar leda manne, ka cire ta. Ledar nan ba ta cika ganuwa ba, kuma in ka bar ta zafi zai haura 90 kana cikin BIOS.

Ɗiga man tamal a tsakiyar firosesa, kamar girman ƙwayar wake. Ba sai ka baza da yatsa ba, matsi zai baza shi. Kada ka sa man goge baki ko girisin mota, duk da za ka ji masu cewa yana yi.

Don Wraith Stealth, kwance robobi biyun da ke sama da ƙasan soket, amma ka bar farantin ƙarfen da ke bayan madabod, a cikinsa sukurori huɗun za su shiga. Ɗaura su a gicciye: juyi biyu a wannan kusurwa, biyu a wadda ke fuskantarta, haka har su tsaya da kansu. In ka ƙarasa ɗaya kafin sauran, gefe guda zai ɗage. Doguwar hitsink kuma a sa fankarta ta ɓangaren RAM, tana tura iska zuwa bayan akwati. Wayar fankar ta shiga inda aka rubuta CPU_FAN.

In wata rana za ka cire hitsink daga AM4, kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna, sannan ka murɗa hagu da dama kafin ka ɗaga. Busasshen mai yakan fizgo firosesa daga soket.

Mataki na 5: Gwaji a kan kwali

Mutane da yawa na tsallake wannan, ni ba na tsallakewa. Daga fawa-fak, jona babbar waya mai baki 24, da mai baki 8 ta firosesa a saman madabod, sannan HDMI ta monita da kibod. Kunna makunnin bayan fawa-fak. Nemo ƙafafu biyu da aka rubuta wa PWR_SW a kusurwar ƙasa, ka taɓa su tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. Fanka ta juya, hoto ya fito, to kayanka lafiya suke. In akwai matsala, gara ka gane ta yanzu da bayan ka ɗaure komai. Kashe, ka zare wayar bango.

Mataki na 6: Shiga akwati

In farantin ramukan bayan madabod daban ya zo, fara danna shi a tagar bayan akwati daga ciki. Yana da kaifi, kuma in ka manta shi sai ka kwance komai.

Dubi ƙananan ginshiƙan ƙarfe da madabod ke zama a kai. Ƙirga ramukan madabod ɗinka, ka tabbata kowane rami na da ginshiƙi, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a inda babu rami. Wanda ya yi saura zai taɓa bayan madabod ya haɗa wuta. Kwantar da ita, ka ɗaure ba tare da matsewa da yawa ba.

Fawa-fak ya shiga mazauninsa, fankarsa na kallon ƙasa in akwai raga a gindin akwatin.

Mataki na 7: Wayoyi da iska

Mai baki 24 da mai baki 8 su koma inda suke. A kula, wayar firosesa da ta katin girafik duk baki takwas ne. Ta firosesa tana rabuwa huɗu da huɗu kuma an rubuta CPU, ta kati tana rabuwa shida da biyu an rubuta PCIe. In fawa-fak ɗinka mai cire wayoyi ne, kada ka taɓa aron wayar wani, ko da bakin ya shiga, saboda tsarin cikinsu ya bambanta.

Siraran wayoyin gaban akwati su ne masu cin rai. Buɗe littafin madabod a shafin zanensu, ka haska da tocila. Na makunni ba su da gaba ko baya. Na fitilu suna da, in ka juya su fitilar ce kawai ba za ta kama ba. Sai HD_AUDIO a kusurwar hagu ta ƙasa, da faffaɗan bakin USB 3, wanda ake sokawa a miƙe don ƙafafunsa na saurin lanƙwasa.

Fanka tana fitar da iska ta fuskar da ke da sandunan roba masu riƙe da injinta. Na gaba su shigo da iska, ta baya ta fitar. Ina son masu shigowa su fi masu fitarwa yawa, biyu a gaba ɗaya a baya, domin hakan na sa iska ta bi ta raga mai tace ƙura maimakon ta tsotso ta kowace kafa. Tattara wayoyin ka ɗaure su a bayan farantin.

In kana da katin girafik, ya shiga dogon ramin sama, a ɗaure shi, a ba shi wutarsa, wayar monita kuma ta koma jikin katin.

Mataki na 8: Kunnawar farko da BIOS

Kunna, ka riƙa danna Del ko F2 don shiga BIOS. A DDR5 allo na iya zama baƙi na 'yan mintoci a karon farko, yi haƙuri kada ka kashe. Cikin BIOS duba ko ta ga RAM duka da SSD, ka dubi zafin firosesa. Sannan kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta, wanda Asus ke kira DOCP a AM4, a AM5 kuma EXPO. In ba ka kunna ba, RAM ɗin da ka biya kuɗin gudun 3200 za ta iya tsayawa a 2133 ko 2400.

In babu hoto, bi a jere. Makunnin bayan fawa-fak a kunne yake? Wayar firosesa mai baki 8 ta shiga? Cire RAM ka gwada sanda ɗaya a A2. Madabod da yawa na da ƙananan fitilu huɗu, CPU da DRAM da VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. In ta CPU ce kuma madabod tsohuwa ce, mai yiwuwa BIOS ne. Wasu na da maɓallin sabunta BIOS daga filash ba tare da firosesa ba. In babu, kai ta wurin mai gyara ya ɗora tsohon firosesa ya sabunta maka. Ko ta wace hanya, kada a yi wannan aikin a kan wutar NEPA tsura. Sai da UPS ko inbata, domin in wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Mataki na 9: Windows da gwajin zafi

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, don haka Windows 11 za ka sa. Shirya filash a wata kwamfutar da manhajar Microsoft ta yin hakan ko da manhajar Rufus. In ta ce kwamfutarka ba ta cancanta ba, koma BIOS ka kunna saitin tsaron da Windows 11 ke buƙata, fTPM a AMD, ko PTT a Intel. Bayan ta hau, ɗauko direbobin madabod daga shafin kamfaninta.

Kafin ka ce ka gama, gwada ta da tsakar rana, a ɗakin da za ta zauna, akwati a rufe. Buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafi, ka saki manhajar Cinebench mai ɗora wa firosesa aiki na minti goma. Iyakar 5600G digiri 95 ne, daga nan yake rage gudu don kare kansa. In ya tsaya ƙasa da 85 a ɗaki mai zafi, na gamsu. In ya yi tsalle zuwa 95 cikin daƙiƙu kaɗan, hitsink ba ta zauna daidai ba ko leda na nan. In kuwa a hankali yake hawa, buɗe murfin gefe ka gani. Ya sauka sosai, to akwatin ne ba ya samun iska, ƙara fanka a gaba.

Wuta da ƙura

Kada ka jona ta kai tsaye a bango. Sitabilaiza tana gyara hawa da saukar wuta, UPS kuma na ba ka mintocin da za ka adana aiki ka kashe. Wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da UPS mai arha, suna mutuwa daidai lokacin sauyawa, don haka gwada: kwamfuta na aiki, ka kashe soket ɗin bango ka ga ko za ta riƙe. In za a tayar da janareta, bari ya daidaita kafin ka kunna. Idan kana jin akwatin na ɗan jan hannu, gidan ba shi da wayar ƙasa, ka kira mai aikin wuta ya kafa maka.

Ɗora akwatin a kan tebur ko benci, kada a ƙasa, ka bar masa tazarar hannu daga bango. Lokacin hunturu ka riƙa cire ragar gaba duk bayan mako biyu ko uku kana kakkaɓewa. Cikin kuma a fitar da shi waje a hure da bulowa bayan an zare wuta, kana riƙe kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Man tamal yakan yi shekara biyu zuwa uku. In ka ga zafi ya ƙaru alhali babu ƙura, goge tsohon da isofurofil ka ɗiga sabo.